Damtsen Autanmu

Autanmu bai taɓa cin nama ya wuni lafiya ba. Yana ɗan shekara huɗu, ranar wata babbar salla, aka sa masa 'yar tsoka a baki. Kafin la'asar jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓɓansa suka kumbura, yana ta kakarin amai. Aka ce wataƙila naman rago ne bai karɓe shi ba, aka gwada kaza, aka gwada zabo, har kifin rafi, duk ɗaya. Wanzamin garinmu ya duba shi ya ce jininsa ne ba ya shiri da nama, a ƙyale shi. Ba wani babban rashi ba ne a lokacin, don mu masu ci ɗin ma sai salla, sai suna, sai in maharba sun dawo daga daji sun tuna da mu. Amma mutanen ƙauye ba sa barin abu ya wuce ba su laƙaba masa suna ba. Zomo suke ce masa.

Ni ce babbar yayarsa. Shekara tara na ba shi, kuma a bayana ya girma, don innarmu ta rasu yana rarrafe. A shekarun da nake magana a kai, Nasara bai tafi ba tukuna, ana ta lodin gyaɗa zuwa Kano, ni kuwa aurena ya mutu na dawo gidan Baba a wani ɗan ƙauye kusa da Burumburum, ina suyar ƙuli-ƙuli ina yin daddawa. Auta ya kai ashirin, dogo, siriri kamar sillen kara, ga fara'a, ga sanyin hali. Zafin zuciyar gidanmu ni na kwashe shi duka, ban rage masa ko cikin cokali ba.

Akwai yarinyar da yake so a ƙauyen da ke tsallaken rafi, ita ma tana son sa. A wajenmu kuwa, saurayi in yana neman aure sai ya kai gayya gonar surukinsa lokacin huɗa. Ya tara abokansa, a zo da makaɗa, kowa ya kama kunyarsa, wato layin da zai huɗa daga wannan bakin gona zuwa wancan. Mai neman auren shi ke kama kunyar farko, ta gefen da dattawa ke zaune. Ba dole ne ya riga kowa ba, amma dole ne ya kai ƙarshe da garmarsa a hannu, kuma ba mai taya shi ko da sara ɗaya.

Auta ya kai gayyarsa a daminar farko, bai kai ko rabin kunya ba hannuwansa suka mutu. Ya ɗaga garma ta rinjaye shi, ya faɗi zaune a cikin kwari. Ina tsaye da ƙwaryar fura a kaina na ji mai ganga ya juya kiɗa, yana cewa zomo ya ga ganyen wake ya tsaya kiwo. Gona ta kwashe da dariya. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Mahaifin yarinyar dattijo ne mai mutunci, bai yi dariya ba. Da aka watse ya ja Baba gefe, ni kuwa na matso ina yin kamar ina tattara ludaya.

Ya ce, “Malam, ba ni da abin cewa a kan halin yaronka. Amma hali ba ya cika rumbu. Na ba shi damina ɗaya. In baɗi ya kai ƙarshen kunya, yarinya tasa ce. In bai kai ba, kada a ga laifina.”

Baba ya ce, “Ka yi mana adalci. Allah ya kai mu.”

A hanyar komawa wani saurayi ya ce a samo wa zomo ƙashi ya riƙa tsotsa, ko Allah zai sa ya yi ƙarfi. Na dire ƙwaryata a tsakiyar hanya na ce masa, shi da ke cin naman, me ya tsinana wa uwarsa ban da cika mata tukunya da ƙasusuwa? Na rantse a gaban kowa cewa baɗi war haka sai sun ga damtsen da ba su taɓa gani ba, kuma ko ƙamshin nama ba zai shiga cikinsa ba. Auta yana jan zanena yana cewa, “Yaya, don Allah mu tafi.”

Da kaka ta yi na fara. Abin da na sani shi ne, jakin da ake ba harawar wake ya fi wanda ake ba tattaka ƙarfi, kuma yaran gidan masu ƙuli ba sa ramewa. Ilimina ke nan gaba ɗaya. Da sassafe in dama masa kunun gyaɗa mai kauri. Da hantsi ɗanwake da man gyaɗa da yaji, ko ƙosai mai zafi. Da rana in dafa wake da kanwa har ya narke, wata rana gujiya, wata rana kwaɗon zogale da na cika wa ƙuli. Akwai wata Bafillatana da ke zuwa daga rugar bayan gari, ina ba ta dusa tana ba ni kindirmo, shi nake dama masa fura da shi bayan la'asar. Tuwon yamma kuwa miyar kuka ce ko ta kuɓewa, amma daddawar da nake zubawa ta isa miyar gida uku. Ko a aljihunsa ban bar shi haka ba, kullum akwai ƙuli ko soyayyen riɗi.

Wake kuwa ya yi aikinsa ta kowace fuska. Sati biyu da farawa Baba ya naɗe buzunsa daga zaure ya koma gindin durumi, ya ce shi dai ya yafe zama da mutumin da ke amsa sallama ta wuri biyu.

Ci kaɗai ba ya yi, wannan ma na sani. Na haɗa shi da magina, ya riƙa haƙar ƙasa yana kwaɓa ta yana jidar tubali. Ruwan gidanmu da na gidajen tsofaffi uku shi ke ɗebowa daga rafi. Itacen suyata shi ke faskarawa. Da farko yakan dawo yana tafiya kamar wanda aka yi wa duka, ya kwanta a tabarma yana nishi, in gasa masa jiki da ruwan zafi ina yi masa faɗa. Bai taɓa ce mini ya gaji ba. Iyakarsa ya ce, “Yaya, ke da kin zo namiji da an shiga uku.”

Baba yana da wani tsohon kambu, irin layun nan da ake ɗinke wa a fata a ɗaura a damtse, ya ba shi. Ranar da ya fara sawa, sulalewa ya yi har gwiwar hannu, sai da muka cusa tsumma ya zauna. Shi ya zama mudunmu. Duk Juma'a in ya yi wanka sai in ce ya zo in gani. Wata biyu muka rage tsumman. Kafin sanyi ya wuce muka cire shi gaba ɗaya, kambu ya zauna daram. Kafaɗunsa suka buɗe, wuyansa ya cika, in ya tanƙwara hannu sai ƙwanji ya taso ya tsaya da tauri kamar ɗanyar goruba. Wannan ba ƙarya ba ne, ba kuma idon so ba ne, kowa ya gani. Wata rana ya ɗaga babban turmina ya sake masa wuri shi kaɗai, turmin da sai mata biyu ke mirginawa. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi, na fito na ce masa saura, kada ya ɗauka ya gama.

Da abin ya tsaya nan, da labarin daɗi nake rubutawa.

Cikin bazara ya kwanta zazzaɓi. Maƙogwaronsa ya yi ciwo, gaɓɓansa suka kumbura suna zafi, yau gwiwa gobe idon sawu. Wanzami ya yi masa ƙaho, aka jiƙa masa sassaƙe. Kusan sati uku ya yi a kwance, ya tashi ya ɗan faɗa. Hankalina ya tashi, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Na ninka komai. Bakinsa ba ya jin ɗanɗano, sai na ƙara gishiri. Cikinsa ba ya son wake mai tauri, sai na ƙara kanwa. Har kunun kanwa na riƙa dama masa safe da yamma, irin wanda ake ba masu jego, don na ji ana cewa yana mayar da jiki.

Jiki kuwa ya dawo, har ya wuce na da. Kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi kauri, kambu ya fara matse shi har yana barin shaida. Na aika da shi wurin baduku ya ƙara masa fata. Bayan kwana ashirin aka sake ƙarawa. Murna kamar ta kashe ni. Na lura in ya ɗebo ruwa daga rafi sai ya tsaya sau biyu sau uku a hanya yana haki, amma na ce ƙiba ce, jiki ne ya yi masa nauyi. Har gori nake yi masa, wai ya ci ya ƙoshi ya koyi lalaci.

Saura kwana goma gayya, gwaggonmu, yayar Baba, ta zo daga Ƙafin Maiyaki ganin gida. Tsohuwa ce mai ƙarancin magana. Auta ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce ya miƙo ƙafarsa. Ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurinsa, ta ɗauke. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse, bai taso ba. Ta ce masa ya je, Allah ya yi masa albarka. Da ya fita ta juyo gare ni.

Ta ce, “Ke 'yar nan, wannan ba tsoka ba ce. Ruwa ne.”

Na ce, “Ruwa kamar yaya, Gwaggo?”

“Kumburi ne. Na ga irinsa a jikin mijina. Kada ki bar yaron nan ya kama garma bana.”

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na san karin maganar, na sha faɗa wa wasu. Amma ran nan ban ji komai ba sai wata tara na tsugunno gaban murhu, da dariyar da aka yi mana a gona, da rantsuwar da na yi a tsakiyar hanya. Na ce mata baki ne, mutane ba sa son ganin maraya ya yi kyau. Na ce ita da ko mudun wake ba ta taɓa aiko mana ba, yau ta zo za ta rushe mini gini da yatsa ɗaya. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa gwaggo. Ta sami Baba ta gaya masa, Baba ya kira Auta ya tambaye shi, Auta ya ce lafiyarsa ƙalau. Ni ma na ce lafiyarsa ƙalau, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Baba mutum ne da ba ya son hayaniya, ya bar maganar a nan. Washegari gwaggo ta ɗaura ƙunshinta ta koma.

Bayan tafiyarta sau da yawa ina zaune kusa da shi, ƙafarsa na miƙe a gabana, yatsana yana ƙaiƙayi. Ban danna ba. Tsoro nake ji, kuma na san abin da nake tsoro.

Ranar gayya gari ya waye da laima, an yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi. Gero ya kai ƙugu. Mutane sun taru fiye da na bara, don labarin rantsuwata ya zaga. Da Auta ya tuɓe rigarsa sai aka ɗauki sowa. Mai gangar nan da ya yi masa zambo shi ne ya fara yi masa kirari, yana cewa zomo ya rikiɗa ya zama bajimi, a ba shi hanya. Na hango yarinyar can cikin mata ta rufe fuska da mayafi tana leƙe. Na kalli saurayin da ya yi maganar ƙashi har sai da ya sunkuyar da kai.

Aka buga ganga, aka sa garma. Farkon abin gwanin sha'awa, don ƙarfin da ya tara na gaskiya yana nan a ƙarƙashi. Yana sara yana kifa ƙasa, kunya na tashi a bayansa sumul. Ya wuce inda ya faɗi bara ko waiwaye bai yi ba. Sai da ya wuce rabi sannan ya tsaya. Ya dogara da ƙotar garma, baki buɗe, ƙirjinsa na sama yana ƙasa. Ina kusa, na ga leɓɓansa sun yi duhu. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba.

Na ajiye ƙwarya na ɗaga murya na ce, “Auta! Kada ka tsaya! Wallahi in ka tsaya ba ni ba kai!”

Ya juyo ya dube ni, ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba.

Abokansa duk sun kai ƙarshe, suka tsaya suna jiran sa, ba mai ikon taya shi. Sara uku ya huta, sara biyu ya huta. Ganga ta rage sauri ta koma bin hannunsa. Ba mai dariya. Da ya kifa ƙasar ƙarshe, dattijon nan, mahaifin yarinyar, ya tashi daga inuwa da kansa ya taka har bakin gona, ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ɗana, na ba ka. Allah ya sa albarka.” Mata suka rangaɗa guɗa, tawa ta fi ta kowa. Auta ya durƙusa zai yi godiya, sai tari ya sarƙe shi, ya tofar da kumfa mai ja-ja. Bai iya tashi ba. A kan jaki aka mayar da shi gida, mutum biyu na riƙe da shi.

Kwana tara ya yi. Ba ya iya kwanciya, in ya kwanta numfashi sai ya ɗauke, sai dai a jingina shi da bango. Da bangon ya dame shi na zauna a bayansa ya jingina da ni, kamar yadda nake riƙe shi yana jariri. Hannunsa ya kumbura har kambun ya nutse, wanzami ya sa aska ya yanke shi. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka yi maganar kai shi asibiti, amma rafi ya cika, hanyar mota da nisa, kuma kowa ya ga ba zai jure jijjigar jaki ba.

Rana ta bakwai da hantsi, mu biyu ne a ɗakin, na kasa riƙe abin a cikina. Na ce, “Auta, ka yafe mini. Gwaggo ta gaya mini ruwa ne. Ta ce kada ka kama garma, na zage ta. Kuma a gona na ga bakinka ya canza, na ce ka ci gaba.”

Ya daɗe yana tattara numfashi. Sannan ya ce, “Yaya, ai na riga Gwaggo sani.”

Na ce, “Ka san me?”

“Tun kafin ta zo. Kullum da safe in na je bayan gida sai na danna, in ga ya lotsa.”

“To don me ba ka faɗa ba? Saboda yarinyar?”

Ya ɗan girgiza kai a ƙirjina. “Ita da ta jira ni wata shekarar, ta ce mini za ta jira. Ke ce. Tun da kika dawo gida ban ga kina dariya ba sai ranar Juma'a, in kina duba hannuna. Na kasa.”

Na kifa fuskata a ƙeyarsa na yi kukan da ban yi ba ko ranar da innarmu ta rasu. Shi ne ma yake bubbuga gwiwata yana cewa in yi haƙuri. Kwana biyu bayan nan, ana kiran sallar azahar, ya cika a jikina.

Shekaru da yawa daga baya, bayan na koma Tudun Wada da zama, na ba wani malamin asibiti wannan labari. Ya ce zazzaɓin nan mai kama gaɓɓai yakan taɓa zuciya, kuma zuciyar da ta taɓu ba ta son gishiri da kanwa, ba ta son aikin ƙarfi. Ya ce wake da gyaɗa ba su da laifi, su suka gina shi. Ya ce ni ma ba ni da laifi, rashin sani ne. Na yi masa godiya, don da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma shi bai tsaya a bakin gonar nan ba.

Ana jibi sadakar arba'in, da safe, muka ji sallama a ƙofar gida. Dattijon nan ne, da damin gero a kansa. Bai ɗora wa jaki ba, bai ba wani ya ɗauko masa ba, shi ya tsallako rafi da shi, wandonsa jiƙe har cinya. Ya sauke a gaban Baba, suka gaisa, suka yi wa mamaci addu'a.

Ya ce, “Malam, wannan na kunyarsa ne. Na hana kowa taɓa ta, ni na yanke da hannuna. Ban ga ya halatta ya shiga rumbuna ba.”

Baba ya kama hannun dattijon ya riƙe.

Ni na sussuka shi, na sheƙe, na surfa, na jiƙa. Ranar sadaka yarinyar ta zo tare da mahaifiyarta. Ban iya kallon idonta ba. Ta ga ina dakan gumba ni kaɗai, ta ajiye mayafinta ta ɗauki ɗaya taɓaryar, muka yi ta lugude har ya yi laushi. Aka dunƙula, aka raba wa maƙwabta da masu wucewa, gwaggo, da ta zo sadakar, ta gutsuro kaɗan ta sa mini a hannu ta ce in ci, in yi masa addu'a.

Na sa a baki. Gero ne ƙosasshe, mai zaƙi, kowa na cewa bana ba a ga irinsa ba. Na yi ta juya shi a bakina na kasa haɗiyewa, sai na zaga bayan rumbu na zauna a ƙasa da shi a bakina, har aka watse.